Ranar da Ummussalma Ba Ta Kashe Inji Ba

Duk wanda ya san unguwarmu a Basirka ya san ƙarar injin Ummussalma. Ƙaramin injin markaɗe ne mai shan fetur, an ɗaure shi a kan katakai biyu ƙarƙashin wata rumfar kwano, kana fitowa daga zaure za ka gan shi a hannun dama. In yana aiki har kwanukan ɗakin Dada kaɗawa suke yi. Ummussalma matar yayana Ishiyaku ce, Dada kuwa mahaifiyarmu, gida ɗaya suke zaune tun rasuwar babanmu.

A Yalwan Damai aka haife ta, cikin ƙasar Birnin Kudu. Babanta manomin dawa da gyaɗa ne, innarta tana suyar awara, ita ce ke kai mata waken suya inji kowace safiya tun tana 'yar firamare. Ta ce da ni a can ta koyi ɗaura bel da matse inji in ana son markaɗe ya yi laushi, domin mai injin garinsu tsoho ne mai nawa, kafin layi ya zo kanka ka gama haddace duk abin da hannunsa yake yi. Tana da shekara ashirin aka kawo ta gidanmu. Da Ishiyaku ya sayi injin, wani mutum ya ɗauka ya riƙa kula masa da shi. Mutumin ya yi wata guda ya tafi Kano neman aikin tuƙi, injin ya yi mako biyu a rufe da buhu. Ran nan Ummussalma ta yaye buhun, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta ja igiya. Shi ke nan ya zama nata.

Daga ƙara take gane in an sayo mata fetur mai ruwa. Tana markaɗa wake da tattasai da shinkafar waina da gasarar koko, kuma ba ta taɓa zuba wake a bayan attaruhu ba sai ta wanke inji, ko da layi ya kai zaure. Shi ya sa matan unguwa suke tsallake injuna biyu su kawo mata.

Aurenta bai wuce shekara biyu ba na tafi Ilori karatu, na yi shekara shida, ba kowane hutu nake zuwa ba. Na bar ta mace mai dariya, wadda ba ta barin ƙanwar miji ta gifta ba ta ja ta da wasa ba. Da na dawo na tarar da tsokanar tana nan, amma matar ba ta iya zama wuri ɗaya. Sai ta zauna ta miƙe, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, tana cikin magana ta yi shiru kamar mai sauraron sallama a waje.

Abin da ya faru a shekarun nan ta waya na riƙa jin sa, a taƙaice. 'Yarta ta fari, Khuzaima, tana nan da rai, kakarta ta ɗauke ta zuwa Yalwan Damai tun daga yaye, kamar yadda ake yi. Bayanta ciki biyu suka kai wata tara. Duka biyun kalma ɗaya aka faɗa mini: matar yayanki ta sauka, abin bai zo da rai ba. Ban tambayi ƙari ba, ba wanda ya ƙara mini.

Lokacin da na dawo tana da wani cikin na wata biyar. Ni nake raka ta awo ƙaramin asibitin garinmu, wurin Malama Talatu, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ba ta da saurin magana. Zuwanmu na biyu, bayan ta gama auna ta, sai ta rufe katin ta tambaye ta:

"Biyun nan da kika rasa, kina jin motsinsu har ranar haihuwa?"

Ummussalma ta dubi ƙasa. "Na farko kwana biyu ban ji ba. Na biyu kwana uku."

"Wa kika gaya wa?"

"Na ɗan yi wa wata maƙwabciyarmu zancen, ta kai wa Dada. Aka ce ai haka suke yi in tafiya ta matso, sai su kwanta su huta."

Malama Talatu ta gyara zama. "To ki saurare ni da kyau. Ɗa ba ya daina motsi don haihuwa ta matso. Wuri zai yi masa kaɗan, shuri ya koma miƙa da juyi, amma yana motsi har ranar da zai fito, har cikin naƙuda. Yana barci, sai dai barcinsa da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. Kowane ɗa kuma da tsarinsa. Ni ban san na naki ba, ke za ki koya: yaushe yake tashi, yaushe yake lafawa, ina yake shuri. Ranar da kika ga ya ragu ko ya canza, kada ki jira gobe, kada ki tsaya neman shawara. Ki zo."

Muka kama hanyar gida har muka wuce masallacin Juma'a. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kwana uku, Munira. Ina ta markaɗe."

Daga ranar ta shiga koyon ɗan da ke cikinta kamar yadda ta koyi inji. Ba ta cewa cikina, ba ta cewa ɗana, kunya ba za ta bari ba. Mutumin take ce masa. Ta gane cewa mutumin yana tashi da safe in ta sha koko, ya yi ta shuri a ƙasan haƙarƙarinta na dama. Ta gane yana sake tashi bayan magariba. Tsakiyar ranar ce ta dame ta, domin in inji yana aiki jikinta gaba ɗaya rawa yake yi, ba ta bambance komai. Sai ta kafa wa kanta doka. Da an kira azahar ta kashe inji, ta yi salla, ta shiga ɗaki ta kwanta a gefen hagu a kan tabarma, ba ta tashi sai mutumin ya amsa mata har ta gamsu. Lokacin Ishiyaku ya dawo daga gona cin abinci, sai ya ja mata igiya, domin tun cikin yana wata shida Malama Talatu ta hana ta ja.

Masu markaɗe ba su ji daɗin dokar ba. Hajjo mai waina, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ce ta fi kowa mita.

"An fara ke nan," in ji ta in ta ji ƙara ta ɗauke. "Injin ma ya zama ma'aikacin gwamnati, yana tafiya hutun rana."

"Ki kai wa na bakin kasuwa mana," in ji Ummussalma daga ɗaki, "ya haɗa miki da yajin jiya."

Dada ta lura, amma suruka ba ta tambayar matar ɗanta irin wannan. Ni ta tambaya. Da na yi mata bayani ta ce, "Tara na haifa, ban taɓa ƙirga wa ɗa ƙafa ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Washegari ma na ga ta shimfiɗa mata tabarmar da kanta.

Haka aka tafi har watan haihuwa ya kama, kaka ta shigo, aka fara yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya wuce lokaci sai ya fashe ya zube a ƙasa. Gonar riɗin Ishiyaku tana da nisa, can wajen iyakar Bauchi, inda waya ba ta shiga, in ya tafi da safe sai magariba. Ranar da ya ɗauki mutane za su yanka ta zo daidai da jajibirin bikin 'yar Hajjo. Tun ƙarfe bakwai bokitai suka jeru a tsakar gidanmu, shinkafar waina, waken alale, tattasai da albasa da tumatir, wasu a daro wasu a roba.

Ishiyaku ya ja igiya, inji ya tashi, ya ce da matarsa ta yi a hankali, ya hau babur.

Ina ɗauraye kofuna ta ce da ni, "Yau mutumin ya yi nawa. Sau biyu kawai, kuma ba ƙarfi."

"Ko za mu je wurin Malama?"

Ta dubi bokitan. "Bari mu ga azahar."

Sai da azahar ɗin ta yi na gane matsalar da ita ta gani tun safe. In ta kashe injin ba mai tayar da shi. Injin nan in ya yi zafi taurin kai gare shi, na taɓa gwadawa na kwana biyu da ciwon kafaɗa bai ko yi tari ba. Mazan unguwa duk suna gona, wanda ya rage ma ba zai shigo gidan matan aure ba. Ga markaɗen biki ko rabi ba a yi ba, ga Hajjo tana shiga tana fita, tana cewa masu suya sun hura wuta. Ummussalma ta rage wa injin ƙarfi, ta bar ni ina tura tattasai, ta yi salla a gurguje ta dawo. Fetur ma yana aiki ta ƙara masa, abin da ita kanta take yi wa wasu faɗa a kai.

Na ɗaga murya don ta ji ni. "Ba za ki kwanta ba?"

"In na kashe wa zai ja? Ke, 'yar Ilori? Da waɗannan hannuwan na biro?"

"Ya motsa?"

Ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta. Tana tsaye, ƙugunta a jingine da katakon da injin yake kai. Na ji abu yana kaɗawa a ƙarƙashin tafina, har da ɗan bugu-bugu a gefe.

"Kin ji?"

"Na ji," na ce.

Ta yi murmushi ta koma kan aikinta, ni ma hankalina ya kwanta. Taku goma ne tsakanin rumfar da ɗakinta. Da na ja ta mun yi takun nan, da mun gane cewa injin muke ji mu biyun. Ban ja ta ba.

Ana gab da kiran la'asar bel ya tsinke. Ya yi tsalle ya daki kwanon rumfa, injin ya yi wani irin ihu shi kaɗai, ta kai hannu ta kashe shi. Gidan ya yi tsit. Kunnena yana ta ƙara, matan da ke jira suka fara salati suna duban sauran bokitai uku. Ummussalma tana da wani bel a rataye, na zaci shi za ta ɗauko. Sai na ga ta tsaya, hannu ɗaya a ciki, kanta a karkace.

Ta wuce ɗaki, na bi ta. Ta kwanta a gefen hagu. Ta tashi ta ce in kawo mata ruwan randa, ta sha, ta sake kwanciya. Ta danna ƙasan haƙarƙari, inda ya saba rama mata in ta taɓa shi. Ta danna ɗaya gefen. Ta juya, ta dawo, ta ce in fita ina hana ta ji, ina kaiwa ƙofa ta ce in dawo. Ina duba agogon waya, minti goma, ashirin, talatin. Daga waje Hajjo tana tambaya ko an samo bel.

Ta tashi zaune. "Tun koko ne, Munira. Abin da muka ji da rana inji ne."

Na kira Ishiyaku sau huɗu, waya ba ta shiga. Shekara takwas tana gidan nan, ko gaisuwar mutuwa ba ta taɓa fita bai sani ba. Ta ce in je in gaya wa Dada.

Dada tana bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaya mata a hankali don kada matan su ji.

"Ai watan ya tsaya," in ji ta. "Hutawa yake, yana tara ƙarfi. Ku ma duk haka kuka yi mini. Magariba ta kusa, yayanki zai dawo, gobe in Allah ya kai mu sai ya kai ta."

Na ce Malama Talatu ta ce kada a jira. Na ce ni ma na karanta a waya, haka likitoci suke cewa.

"Wayar ta taɓa haihuwa?"

Ina nan durƙushe sai na ji takun Ummussalma. Ta sa hijabi, katin awo a hannunta. Ta zo gaban Dada ta dafa ƙasa ta durƙusa da ƙyar, ta yi magana da muryar da kowa a tsakar gidan ya ji.

"Dada, ɗan da ke cikina bai motsa ba tun safe."

Wata daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Hajjo ta ce, "Ke Ummussalma, a gaban surukarki?"

Ba ta waiwaya ba. "Wancan an ce hutawa yake, na jira kwana biyu. Na bayansa an ce hutawa yake, na jira kwana uku. Ni na ɗauke su, Dada, ni na san yadda nauyinsu yake komawa in sun daina. Wannan ba zan iya jira ba. Malam ba ya nan, ke ce babba."

Dada ta daɗe tana kallon gyaɗar da ke hannunta. Ban san abin da take tunawa ba, ban kuma taɓa tambayarta ba. Ta zuba gyaɗar a ƙwarya, ta karkaɗe zani.

"Munira, ɗauko mini mayafina da takalmi." Ta juya wurin Hajjo. "In ya dawo ki ce masa ni na fita da matarsa. Ni na haife shi, in da magana ya same ni."

"To shinkafar fa, Dada?"

"Ba turmi a gidanki?"

Mun sami Malama Talatu tana shirin tashi. Ta kwantar da ita, ta shafa mata mai, ta ɗora ɗan abin sauraron nan. Ta matsa nan, ta matsa can, ba abin da ke fita sai shuu kamar iska a cikin kara. Ummussalma ta ƙura wa rufin ɗaki ido, yatsun ƙafarta suna ta motsi. Can sai ga bugu, ƙanana, da sauri, ya ɗan ja baya, ya dawo.

"Yana nan," in ji Malama Talatu. "Amma bugun bai yi mini ba. Nan ba mu da abin da za mu yi masa. Birnin Kudu za ku, babban asibiti, yanzu." Ta rubuta takarda, ta ce za ta kira su kafin mu isa.

A tasha mun tarar da bas ɗaya a kan layi, tana jiran cika. Direban, Yahuza, ajinsu ɗaya da Ishiyaku a firamare, yana zaune a benci yana cin rake.

"Yahuza, tashi motar nan," in ji Dada.

"Dada, barka da yamma. Saura mutum biyar."

"Ka same su a Gwaram."

Ya dubi Dada, ya dubi Ummussalma da takardar da ke hannunta, ya jefar da raken. Ya ta da wani mai buhun barkono daga gaba ya mayar da shi baya, mutumin yana ƙunƙuni, aka sa ta kusa da taga.

Hanyar ba ta bar ta ta huta ba. Kowane rami sai ta dafe ciki, ta juyo ta dube ni, ta girgiza kai. "Ko'ina rawa," in ji ta. "Ta yaya mutum zai ji?" Ta cire hannu, ta mayar. Ta tambayi ƙarfe nawa, na faɗa, ba a yi minti biyar ba ta sake tambaya. Dada tana bayanmu tana jan carbi.

A Gwaram Yahuza ya tsaya ɗaukar mutum biyu, motar tana kunne tana kaɗawa. Ummussalma ta ce, "Malam Yahuza, don Allah kashe ta minti ɗaya."

"In kashe?"

"Minti ɗaya."

Ya kashe. Ban san yadda aka yi sauran fasinjojin suka gane ba, amma har mai barkonon ya yi shiru. Wata mata da ke tauna gyaɗa ta daina. Muna jin masu tallan ruwa a waje, da wani babur da ya wuce. Ummussalma ta rufe ido, hannu biyu a ciki.

"Mu je," ta ce.

"Ya yi?" na tambaya.

"Ban sani ba. Mu je."

Daga nan Yahuza bai ƙara tsayawa ba. A Sara wasu suka ɗaga masa hannu, ya yi musu hon ya wuce. Muna shiga Birnin Kudu ana kiran magariba, ya kai mu har ƙofar asibiti kafin ya juya da sauran mutanen tasha.

An san da zuwanmu. Suka ɗaura mata wani abu a ciki mai fitar da takarda, suka yi hoto. Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ce ruwan da ɗan yake ciki ya ragu sosai, mabiyiya ta gaji ba ta kai masa abin da yake buƙata, shi ya sa ya daina motsi. Ta ce ba za a jira naƙuda ba, tiyata za a yi. Ta tambayi ina mijin.

"Yana gona," in ji Dada. Muryarta ta canza. A wurin Dada, wanda aka shiga da shi tiyata sai addu'a. "Ba wata allura da za a yi mata ta haihu da kanta?"

"Ba lokaci, Inna."

Ummussalma ta miƙa hannu ta karɓi biron. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, irin rubutun 'yan firamare, ta miƙa takardar. Dada ta ce, "To a yi. Allah ya raba lafiya."

Aka yi tiyatar, aka ciro 'ya mace. Ba ta yi kuka nan da nan ba, ba a ma nuna mana ita ba, muka dai ga wata nas ta fito da sauri da abu a naɗe ta shiga wani ɗaki. Daga baya aka ce tana numfashi, amma sai an taimaka mata, za ta zauna a cikin kwalba. Na tambayi likitar, da mun bari sai gobe fa? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta so a gwada ba.

Da safe na tarar da Ishiyaku a barandar asibiti da kayan gonarsa, har da ɓawon riɗi a hularsa, ya biyo mu a babur tun da Hajjo ta ba shi saƙo. Ya gaida Dada a durƙushe, ta amsa, ba wanda ya tada zancen. Da aka bar shi ya shiga, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Sannu."

"Na fita ban gaya maka ba," in ji ta.

"Da Dada kika fita."

Kwanakin da suka biyo baya ma ba ta zauna ba. Tun rana ta biyu take saukowa daga gado, a sunkuye, tana dafe da ɗinki, tana bin bango har tagar ɗakin jarirai. Sau biyar, sau shida a yini. Sai ta tsaya tana kallon ƙirjin yarinyar yana ɗagawa yana sauka, in ta ga ta daɗe ba ta miƙa ƙafa ba ta ƙwanƙwasa gilas, nas ta fito ta yi mata faɗa, ta ba da haƙuri, bayan awa ɗaya ta dawo. Tsakaninta da Dada kuwa sai ido a ƙasa. Dada ta dama kunu ta miƙo mini in miƙa mata, ita kuma ta ce in ce an gode, alhali gado ɗaya ne tsakaninsu. Rana ta biyar aka cire wa yarinyar robar numfashin da aka sa mata a hanci. Rana ta shida ta kama nono, ta saki, ta sake kamawa. Likita ta ce in ta ci gaba haka, nan da kwana uku mu tafi gida.

Ishiyaku ya koma Basirka don raɗin suna. Ranar bakwai da hantsi wayata ta yi ƙara, ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce in ba ta. Ta saurara, ta ce to, ta ce Allah ya raya, ta miƙo mini wayar.

"Zahara'u," ta ce. Ta sake faɗa a hankali, kamar tana gwada shi a baki. "Biyun can ba su kai ga suna ba."

Ta zuro ƙafafu ƙasa tana laluben takalmi. Na kai hannu zan kama ta, ta ture shi. Na bi ta a baya har ƙofar ɗakin jarirai, nas ɗin da ta fi yi mata faɗa ce a bakin aiki.

"Maman bebi, lokacin shayarwa bai yi ba. Koma ki kwanta."

"Ba zan daɗe ba. Sunanta zan gaya mata."

Nas ɗin ta dube ta, ta dubi agogo, ta ce ta fara wanke hannu.